Tambayoyinku: Ƙera Bodin Mota da Hannu a Gida

Wasiƙun da suka taru a wannan fili a wannan karo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda mutum zai ƙera bodin mota da hannunsa a ɗan wurin aikin da yake da shi a gida. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, kuma mun jera su bisa yadda aikin kansa yake tafiya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne, kuma ina da wata tsohuwar mota wadda injinta da giyarta lafiya lau suke, amma tsatsa ta cinye bodin. Ina so in cire shi in ƙera sabo mai kujera biyu, da siffar da ni na zana. Daga ina zan fara, kuma wane ƙarfe zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi ƙarfe tukuna, kuma kada ka yanke komai, sai ka shiga ƙarƙashin motar ka ga yadda aka gina ta. Akwai motar da take da shasi daban, wato dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa da gicciye, waɗanda su ke ɗauke da inji da ƙafafu da tankin mai, bodi kuma a kansu aka ɗora shi aka ɗaure da noti. Irin wannan za ka iya kwance bodin ka ɗaga shi, motar ta ci gaba da tsayuwa da ƙafafunta. Akwai kuma wadda bodin shi ne ƙashin motar, rufi da ginshiƙan ƙofa da daɓe duk suna ɗaukar nauyi tare. Lancia Lambda ta 1922 da Citroën Traction Avant ta 1934 suna cikin waɗanda suka fara bin wannan tsari, kuma a yau kusan duk ƙananan motoci haka suke. Idan taka irin ta biyun ce, ranar da ka yanke rufin ranar ka karya ƙarfinta, domin za ta fara lanƙwashewa a tsakiya ko da ido bai gani ba. A wannan hali dole ne ka gina sabon shasi na bututun ƙarfe, kuma wannan aikin lissafi ne da ya kamata injiniya ya duba maka shi. Abin da ya sa masu wannan sana'a suka daɗe suna son Volkswagen Beetle ke nan: bodinta noti ne ya riƙe shi a kan daɓen, kuma a kan irin wannan daɓe da aka rage wa tsawo aka riƙa ɗora bodin Meyers Manx, motar rairayi da Bruce Meyers ya fito da ita a Kaliforniya a 1964.

Idan ka tabbatar shasin yana da lafiya, abu na gaba shi ne ka san cewa zanenka zai bi abubuwan da ba za ka iya ƙerawa ba. Tayoyi suna da wurinsu, kuma suna hawa sama idan mota ta faɗa rami, na gaba kuma suna juyawa hagu da dama, saboda haka sai ka cire sifirin ka ɗaga taya har ƙarshen tafiyarta, ka murza sitiyari har ƙurya, ka auna sararin da take ci. Inji yana da tsayinsa, lagireto yana buƙatar hanyar da iska za ta shiga da wadda za ta fita, kai kuma da za ka zauna kana buƙatar wurin kai da gwiwa da hanyar gani. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne gilashin gaba. Gilashi mai lanƙwasa ba a yin sa a gida, na gefe da na baya kuma yawancinsu irin wanda aka gasa ne, da zarar ka yi ƙoƙarin yanka shi sai ya tarwatse. Ka nemo gilashin gaba na wata mota da ake samun kayanta, mai falle biyu da roba a tsakani, ka kafa shi a inda zai zauna, sannan ka zana bodin a kewayensa.

Daga nan sai kwarangwal na katako, kuma a nan nake so ka kashe mafi yawan haƙurinka. Ka fara da ƙaramin samfuri na yumɓu, misali kashi ɗaya cikin goma na girman motar, ka yi ta gyara shi har idonka ya gamsu daga kowace kusurwa. Sai ka auna siffarsa a wurare daban-daban daga gaba zuwa baya, ka faɗaɗa kowane ma'auni zuwa cikakken girma a kan kwali, ka yanka su a falankin katako mai kauri, ka jera su a tsaye kamar haƙarƙari da tazarar santimita 20 zuwa 30, ka ƙara matso da su a inda lanƙwasa ta yi tsanani. Rabi ɗaya kawai za ka zana, ka kifa shi ka fitar da ɗaya rabin, domin hannu ba ya iya zana dama da hagu su zo daidai. Daɓen da za ka kafa kwarangwal ɗin ya zama a miƙe, ka ja layin tsakiya a kansa, kuma duk awon da za ka yi daga wannan layi zai tashi. Kafin ka ce ka gama, ka ɗauki siririn katako mai lanƙwasuwa ka kwantar da shi a kan haƙarƙarin: duk wanda ya tokare shi ya yi tsawo, duk wanda bai taɓa ba ya gaza. Kuskuren milimita biyar a katako aikin minti kaɗan ne da zarto, amma idan ya shiga ƙarfe zai bi ka har ranar fenti.

Tambaya: Malam, tsakanin baƙin ƙarfe da alminiyom da faiba, wanne ya fi dacewa da wanda bai taɓa yin wannan aiki ba?

Amsa: Ya danganta da abin da hannunka ya riga ya sani. Fallen baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 0.9 zuwa 1.2 shi ne mafi sauƙin walda da gyara, kuma yana yafe kuskure, sai dai yana da nauyi, yana gajiyar da mai duka, kuma tsatsa tana jiran duk wurin da ba a rufe ba. Nauyin alminiyom kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, giram 2.7 a kan kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri inda ƙarfe yake da kusan 7.85, amma da yake ya fi taushi sai an ƙara masa kauri, yawanci milimita 1.2 zuwa 1.6, kuma a nemi nau'i mai laushi irin mai lamba 1050 ko 1100 ko 3003. Yana bin guduma da daɗi, shi ya sa manyan maƙeran bodi na Italiya suka riƙe shi: kamfanin Touring na Milan ya shahara da tsarin Superleggera tun shekarun 1930, inda ake lulluɓe siraran bututun ƙarfe da fallen alminiyom, kuma da wannan tsari aka yi Aston Martin DB4 da DB5, a wurin Scaglietti kuma, a Modena, da guduma aka fitar da bodin Ferrari 250 GTO daga 1962. Wahalarsa tana wajen walda, da kuma cewa idan ya zauna a jikin baƙin ƙarfe da danshi a tsakani sai ya riƙa cinyewa, don haka dole a raba su da fenti ko wani shimfiɗi. Faiba kuwa, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da ruwan rezin ya daskare, ba ta buƙatar ƙwarewar guduma ko kaɗan, kuma ba ƙaramin abu ba ce, tunda da ita aka yi bodin Chevrolet Corvette tun fitowarta a 1953, amma za ka yi aikin sau uku: samfuri, mazubi, sannan bodin. A ganina mai walda ya fara da baƙin ƙarfe, kafinta ko mai sassaƙa ya fara da faiba, alminiyom kuma a bar shi sai hannu ya faɗa.

Tambaya: Na gina kwarangwal, na yanko fallen ƙarfe don madigadin gaba, amma duk yadda na lanƙwasa shi sai gefensa ya tattare, tsakiyar kuma ta ƙi zama. Shin ƙarfen ne ba shi da kyau?

Amsa: Ƙarfen lafiyarsa ƙalau, Malam, abin da kake nema daga gare shi ne lanƙwasawa kaɗai ba ta bayarwa. Ka ɗauki takarda ka naɗe ta a jikin gwangwani, za ta kwanta sumul, domin lanƙwasar ta fuska ɗaya ce. Ka naɗe ta a jikin ƙwallo, za ka ga gefenta ya tattare, domin ƙwallo ya lanƙwashe ta kowace fuska, kuma takardar ta yi yawa a gefe ta yi kaɗan a tsakiya. Madigadi da rufi da hancin mota duk irin ƙwallon ne. Hanya biyu kawai ake bi a sa falle ya ɗauki irin wannan siffa: a shimfiɗa tsakiyarsa ta ƙara faɗi ta rage kauri, ko a tsuke gefensa ya rage tsawo ya ƙara kauri. Aikin maƙerin bodi gaba ɗaya a kan waɗannan biyu yake, kuma mai kyau shi ne a haɗa su, domin wanda ya dogara ga shimfiɗawa kaɗai zai wayi gari da tsakiya mai sirantar da ba ta jure walda.

Takardar nan ita ce za ta nuna maka inda za ka yi kowanne. Ka shimfiɗa ta a kan kwarangwal a wurin madigadin, ka danne ta: inda ta yi ninki, a nan ƙarfe yake buƙatar tsukewa, kuma yawan ninkin shi ne yawan tsukewar, inda sai ka tsaga ta kafin ta kwanta, a nan za ka shimfiɗa. Ka mayar da waɗannan alamomi kan fallen, ka bar rarar santimita biyu ko uku a kewaye. Shimfiɗawa ana yin ta da guduma ta katako ko ta roba mai zagayayyen kai, a kan jakar fata da aka cika da yashi, ana farawa daga tsakiya ana zagayawa zuwa waje. Tsukewa kuma ana tattaro bakin fallen da gangan a yi masa ɗan tudu mai kama da ninki, sai a ɗora a cikin kwarmin kututturen itace, a fara duka daga rufaffen ƙarshen tudun ana tahowa baki, ta yadda ƙarfen zai nutse cikin kansa. A kula kada tudun ya kife ya hau kan kansa, domin idan ya ninke ya zama tsaga.

Bayan wannan fallen zai fito da ƙulle-ƙulle, kuma a nan mutane da yawa suke karaya su jefar da shi, alhali kuwa siffar ta riga ta shiga, sumulcewa ce ta rage. Ana yin ta da ƙaramar guduma mai santsin fuska a kan dunƙulen ƙarfe mai lanƙwasa daidai da ta wurin, da duka marar ƙarfi mai yawa, kowane bugu yana hawa kan gefen na baya. Wanda yake da wilin Ingila ya huta: firam ne mai ƙarfi da babban wili mai shimfiɗaɗɗiyar fuska a sama da ƙarami mai tudu a ƙasa, ana tura fallen gaba da baya a tsakaninsu har ya yi santsi. Mai walda zai iya gina firam ɗin da kansa, wililin ne kawai sai an saya ko an ba mai injin fiƙe ƙarfe. Kada ka riƙa dukan ƙarfe a kan kwarangwal, domin na gwaji ne: ka ɗora, ka duba, ka sauke, ka gyara, ka sake ɗorawa, har fallen ya zauna da nauyin kansa ba tare da ka danne shi ba. Kuma kada ka nemi fitar da madigadi daga falle ɗaya, ka raba shi gida uku ko huɗu da hannu zai iya juyawa, ka haɗa daga baya.

Idan alminiyom kake duka, za ka ji yana ƙara tauri yayin da kake aiki, kuma idan ka matsa masa zai tsage. Ana dawo masa da laushi ta hanyar gasa shi zuwa wajen digiri 350 zuwa 400 a ma'aunin Salshiyos. Haɗarin shi ne yana narkewa a wajen digiri 660 kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe. Dabarar da aka saba ita ce a shafa masa baƙin hayaƙin wutar asitilin, wato gas ɗin walda, sannan a daidaita wutar a riƙa zagayawa da ita har baƙin ya ƙone ya ɓace, a nan sai a tsaya.

Tambaya: Na fitar da gutsattsarin da kyau, amma da na haɗa su da walda sai wurin haɗin ya lotsa, fallen ya murɗe. Na cike da fila, ga shi ta fara tsagewa.

Amsa: Duk wurin da wutar walda ta taɓa yana tsukewa idan ya huce, ya janyo ƙarfen da ke kewaye da shi, kuma wannan ne lotsawar da ka gani. Maganinta shi ne a mayar wa layin waldar faɗin da ya rasa, ta hanyar dukansa da guduma a kan dunƙulen ƙarfe da aka tokara daga baya. Saboda haka tun wajen raba gutsattsarin ka sa layin haɗi a inda hannunka zai kai bayansa, kuma a inda lanƙwasa take da ƙarfi, domin shimfiɗaɗɗen wuri shi ya fi saurin murɗewa. Ka haɗa su baki da baki, kada ɗaya ya hau kan ɗaya, tunda hawan yana tara ruwa kuma ba ya dakuwa. Ka ɗiga walda a kowane santimita biyu zuwa uku, kana dukan kowane ɗigo kafin ka wuce, sannan ka cike tsakani kaɗan-kaɗan kana tsallakawa daga wannan wuri zuwa wancan, kana barin ƙarfen ya huce da kansa. Waldar sanda ta yi wa falle mai milimita ɗaya zafi da yawa. Ta gas da ta TIG, wato waldar lantarki mai tsinken da ba ya narkewa, suna barin layi mai laushi da yake karɓar guduma, ta MIG kuwa, wadda injin yake turo waya da kansa, ta fi sauri amma layinta yana da tauri kuma yana iya tsagewa a ƙarƙashin duka. A kan alminiyom akwai wata fata da iska take yi masa wadda ba ta narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,000, shi ya sa ake goge ta da burushi mai tsabta, a yi amfani da TIG mai wutar AC, ko gas da hodar walda ta musamman, wadda dole a wanke ta tas bayan an gama domin tana cin ƙarfen.

Fila kuma an yi ta ne don cike ƙananan lotsawa, kaurinta kada ya wuce milimita uku. Ka kankare wadda ka sa, ka daki layin har ya taso, ka shafa fenti mai duhu sama-sama ka goge da samfefa a jikin dogon katako, inda duhun ya rage shi ne kwari. Idan ka kai ga ƙofofi da bonet, ka fara kafa su a kan maratayansu da makullinsu kafin ka datse bakinsu, ka bar tazarar milimita huɗu zuwa biyar daidai a kewaye.

Tambaya: Ɗana yana yin bodin mota da faiba a ɗakin da ke jikin gidanmu. Na farko ya manne a mazubin sai da ya fasa shi, ga wari ya cika gida. Ina tsoron lafiyarsa, kuma ina so in san ko za a bar irin wannan mota ta hau titi.

Amsa: Malama, tsoronki yana kan hanya, kuma zan fara da abin da ya fi sauƙi. Bodi yana mannewa a mazubi saboda ɗayan abu biyu: ko ba a shafa kakin rabuwa sosai ba, wanda sabon mazubi yake buƙatarsa shafi bayan shafi tare da ruwan hana mannewa na PVA a kai, ko kuma siffar ta lanƙwaso ciki ta kulle kanta, wanda maganinsa shi ne a yi mazubin gida biyu ko uku da ake ɗaurewa da noti. Wajen cirewa ya yi amfani da tsinken katako ko roba da ruwa, kada ya sa ƙarfe.

Warin da kike ji na sinadarin sitirin ne da ke cikin ruwan rezin, yana kawo ciwon kai da jiri, tururinsa ya fi iska nauyi yana kwanciya ƙasa, kuma yana kama wuta. Wannan aiki ba na ɗakin da yake haɗe da wurin kwana ba ne, a mayar da shi rumfa mai iska ta ko'ina, nesa da murhu da injin walda. Ruwan da ake ɗigawa don rezin ya daskare, MEKP, kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari kawai ake sawa, kuma ɗigo ɗaya a ido yana iya makantar da mutum, don haka tabarau mai rufe gefe wajibi ne. Ragowar rezin da aka haɗa aka bari a gwangwani yana yin zafi da kansa har ya yi hayaƙi, a fitar da shi waje. Takunkumin ƙura yana amfani wajen goge faiba, amma ba ya tare tururin sinadari, wannan sai mai matatar gawayi. Fentin mota mai haɗi biyu kuwa yana ɗauke da sinadarin aisosayanet mai haddasa asma da ba ta barin mutum, kuma kariyarsa ta gaskiya ita ce takunkumi mai kawo iska daga waje, saboda haka shawarata ya kai feshin wurin masu ɗakin fenti. Idan zai yi walda a shasi, ya cire tankin mai gaba ɗaya ya fitar da shi, domin tankin da babu mai a ciki yana cike da tururi mai fashewa.

Bodin faiba ko na siririn falle ba ya kare mutum a haɗari. Bel da kujeru da maratayan ƙofa duk a jikin shasi ko ƙarfen da aka walda da shi za a ɗaure su, a sa bangon ƙarfe tsakanin inji da mutane, wani kuma tsakanin tanki da mutane, kuma motar da ba ta da rufi tana buƙatar baka na bututu mai kauri a bayan kujeru.

Batun hawa titi kowace ƙasa da dokarta. A Birtaniya motar da aka gina ko aka sauya sosai tana bin gwajin amincewa da mota da ake kira IVA, wanda ya maye gurbin tsohon gwajin SVA a 2009, inda ake duba birki da fitilu da madubai da maɗaurin bel har da kaifin gefuna. A Jamus kuma masu bincike irin na cibiyar gwajin motoci ta TÜV ne suke dubawa kafin a amince da sauyin. Ya je hukumar rajistar motoci ta inda kuke tun yanzu, kafin ya zuba mazubi na biyu, ya tambayi sharuɗɗansu a rubuce, ya kuma sanar da kamfanin inshora. Ya ajiye takardun tsohuwar motar da rasit na kayan da ya saya, ya riƙa ɗaukar hoton kowane mataki kafin bodi ya rufe shi, kuma kada ya yanke ko ya rufe wurin da aka buga lambar shasi.